Kafin Tambari Ya Fito: Yadda Ake Gina Butloda A Ɗora Ta Kan Ƙaramar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kai waya kasuwar Farm Centre a Kano, ko wata rumfar gyara a unguwa, aka duba aka ce masa "sai an yi mata filashin", to ya riga ya ci karo da batun butloda ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ita ce 'yar ƙaramar manhajar da ke fara aiki tun kafin tambarin Tecno ko Samsung ya bayyana a fuskar waya. Idan tana lafiya babu mai tunawa da ita. Ranar da ta lalace kuwa, waya sai ta yi shiru: ba haske, ba tambari, wani lokaci ko alamar caji ba ta nunawa.

A waya, kamfani ya kulle wannan sashe ya tafi da makulli, shi ya sa yawancin masu gyara ke aiki da shi a makance. Suna ɗora fayil ɗin da suka sauko da shi, in ta tashi a gode Allah, in ba ta tashi ba a nemo wani. Amma akwai wani rukunin na'urori da ƙofarsu take a buɗe, wato ƙananan kwamfutoci masu fanel guda irin su Orange Pi, Banana Pi da BeagleBone. Girmansu bai wuce tafin hannu ba, kuma furosesar da ke cikin yawancinsu 'yar gida ɗaya ce da ta waya, wato ƙirar ARM. A kansu mutum zai iya gina butloda da hannunsa, ya ɗora ta, ya lalata, ya sake gyarawa, ba tare da ya yi asarar komai ba sai lokaci. Wanda ya yi haka sau ɗaya zai gane abin da ke kashe waya a teburin filashin fiye da wanda ya shekara yana danna maɓalli.

Matsalar da butloda ta zo warwarewa

Furosesa ba ta iya aiki da manhaja sai an ɗauko manhajar daga ma'adana an zuba ta cikin ram. To amma a lokacin da aka kunna na'ura, ram ɗin babu komai a cikinsa. Bai ma fara aiki ba, domin ram irin na DDR3 sai an saita masa gudu da tsarin lokaci kafin ya karɓi ko da harafi ɗaya. Ana buƙatar manhaja ta tayar da ram, ita kuma manhajar tana buƙatar wurin da za ta zauna. Wa zai fara?

Masu ƙera furosesa sun warware wannan ne ta hanyar hawa-hawa. A cikin furosesar kanta akwai wata 'yar mitsitsiyar manhaja da aka dasa tun a masana'anta. Kamfanonin Allwinner da MediaTek suna kiranta BROM. Zanen dutse ce, ba a gogewa, ba a sabuntawa. Aikinta ɗaya ne: ta leƙa wurare kaɗan da ta sani, kamar katin memori ko ma'adanar cikin fanel, ta nemo mataki na gaba.

Mataki na gaban kuwa dole ya zama ƙarami ƙwarai, saboda wurin da za a ajiye shi wani ɗan ram ne da ke cikin furosesar, wanda ba ya buƙatar saiti. A furosesar Allwinner H3, abin da BROM ke ɗauka bai wuce KB 32 ba. Hoto ɗaya da aka turo ta WhatsApp ya fi shi nauyi. Wannan ɗan guntu, mai suna SPL, shi ne ke saita agogon furosesa, ya tayar da babban ram, sannan ya ɗauko cikakkiyar butloda ya zuba a ciki. Ita kuma cikakkiyar ta san karanta fayil, ta san USB, ta san wayar intanet, ita ce ke ɗauko zuciyar Linux ta miƙa mata ragama, sannan ta ja da baya. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu.

U-Boot, wadda ke cikin na'urori ba a sani ba

Butlodar da ta fi yaɗuwa a irin waɗannan na'urori ita ce U-Boot. Asalinta wata ƙaramar manhaja ce mai suna 8xxROM da Magnus Damm ya rubuta don furosesoshin PowerPC. A 1999 wani injiniya Bajamushe, Wolfgang Denk, ya ɗauki aikin ya sauya masa suna zuwa PPCBoot. Da manhajar ta fara aiki a kan ARM da sauran nau'o'in furosesa, sunan ya yi mata kaɗan, sai aka mayar da shi U-Boot a 2002. Cikakken sunan Das U-Boot ne, wasa da kalma ne a Jamusanci, domin a harshen haka ake kiran jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa. Denk ya rasu a 2022, aikin kuma yana ci gaba a hannun Tom Rini da ɗimbin masu ba da gudummawa daga kamfanoni da kuma 'yan sa-kai. Sau huɗu a shekara ake fitar da sabon zubi, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, kuma sunan kowane zubi shekara ce da wata, kamar v2024.01.

Lasisinta GPL ne, wato kowa na da damar karanta rubutun manhajar, ya gyara, ya raba. Saboda haka ne ta shiga rauta na intanet, akwatunan talabijin masu Android, kyamarorin tsaro da injinan masana'antu. Gidaje da yawa suna da U-Boot tana aiki a falo ba tare da mai gidan ya sani ba.

Ginawa: misali da Orange Pi PC

Orange Pi PC misali ne mai kyau na farawa. Kamfanin Xunlong da ke Shenzhen ne ya fitar da ita a 2015 kan dala 15, da furosesar Allwinner H3 mai ƙwaƙwalwa huɗu da ram GB 1. Abin da ya sa ta dace da ɗan koyo shi ne ba ta da ma'adana a jikinta. Komai yana kan katin memori, don haka mafi munin abin da zai faru shi ne a zare kati a sake rubuta shi.

Ana yin ginin ne a wata kwamfuta mai Linux, kamar Ubuntu ko Debian, ba a kan ƙaramar ba. Nan ne wata matsala ke ɓullowa. Laftof mai furosesar Intel ko AMD yarenta daban da na ARM, saboda haka manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa yaren inji za ta fitar da abin da H3 ba za ta fahimta ba. Ana buƙatar tafinta na musamman, wanda yake zaune a kan Intel amma yake fassara zuwa ARM. A Debian da Ubuntu sunan ƙunshinsa gcc-arm-linux-gnueabihf. Tare da shi ana girka wasu kayan aiki irin su bison, flex, swig, libssl-dev da device-tree-compiler. Idan wani ya rage, ginin zai tsaya a hanya ya faɗi sunan abin da ya rasa, a girka shi a ci gaba.

Daga nan sai a sauko da rubutun U-Boot daga rumbun DENX, a zaɓi zubin da aka riga aka fitar maimakon wanda ake kan aiki a kansa:

git clone https://source.denx.de/u-boot/u-boot.git
cd u-boot
git checkout v2024.01

A cikin babban fayil mai suna configs akwai saituka sama da dubu, kowanne na wata na'ura daban. Na Orange Pi PC shi ne orangepi_pc_defconfig. Layuka kaɗan ne, amma ya cancanci a buɗe shi a karanta kafin a yi komai. A ciki akwai layin da ke cewa ram zai yi gudu a kan MHz 624, akwai kuma wanda ke nuna taswirar na'urar, wato fayil ɗin da ke bayyana wace ƙafar furosesa ce ke zuwa ramin kati, wacce ke zuwa USB, wacce ke kunna fitila. Furosesar ARM ba ta iya gano waɗannan da kanta yadda kwamfutar tebur ke yi, sai an gaya mata. Shi ya sa na'urori biyu masu H3 iri ɗaya ba lallai su tashi da butloda ɗaya ba.

Ginin kansa layi biyu ne:

make orangepi_pc_defconfig
make CROSS_COMPILE=arm-linux-gnueabihf- -j4

A laftof matsakaiciya, 'yan mintuna ne. Idan an gama za a ga fayiloli da yawa, amma wanda ake nema shi ne u-boot-sunxi-with-spl.bin. Bai kai MB 1 ba, kuma ya haɗa SPL da cikakkiyar U-Boot a jere. Ga na'urori masu sabbin furosesoshin Allwinner irin su A64, H5 da H6, akwai ƙarin mataki: sai an fara gina wani sashe daga aikin Trusted Firmware-A, fayil mai suna bl31.bin, a nuna wa U-Boot inda yake. In ba haka ba, abin da za a samu ba zai tashi ba.

Ɗorawa, inda kuskuren harafi ɗaya ke da tsada

Nan ne mutane da yawa ke rikicewa, domin sun saba da kwafe fayil zuwa memori ta hanyar ja da sakewa. BROM ba ta san fayil ba, ba ta san suna ba. Abin da ta sani shi ne ta ƙirga KB 8 daga farkon kati, ta duba ko akwai wata alama a wurin, haruffan eGON.BT0. In ta gan su, ta ɗauka. In ba ta gani ba, ta wuce. Saboda haka dole a rubuta butlodar kai tsaye a wannan gurbi, a filin da ke tsakanin farkon kati da inda sashen fayiloli ke farawa, wanda galibi a MB 1 ne.

Umarnin da ake amfani da shi shi ne dd:

sudo dd if=u-boot-sunxi-with-spl.bin of=/dev/sdX bs=1024 seek=8

Harafin X ɗin nan shi ne wurin haɗari. Linux na ba kowace ma'adana suna, sda, sdb, sdc, kuma sau da yawa sda ita ce ma'adanar laftof ɗin kanta. Shi dd ba ya tambaya, ba ya gargaɗi. Aka ba shi sda maimakon sdb, zai rubuta a kan teburin da ke nuna yadda aka raba ma'adanar laftof, kuma mai ita na iya wayar gari kwamfutarsa ba ta tashi. Dabarar da ta fi aminci ita ce a buga lsblk kafin a soka kati, a sake bugawa bayan an soka, a ga wane suna ne ya ƙaru, a kuma duba ko girmansa ya yi daidai da na katin. Kuskure na biyu shi ne manta seek=8. Wannan zai sa butlodar ta faɗa a farkon kati, ta shafe teburin rabon katin, ita kuma BROM ta leƙa inda ta saba ba ta ga komai ba. Bayan an rubuta, a buga sync a jira ya gama kafin a zare kati.

Katin ma abin lura ne. Memori na jabu, mai rubutun GB 64 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba, yana iya karɓar butloda lafiya tunda a farko take, sai an ɗora Linux matsaloli su fara fitowa ta inda ba a zata ba. Manhajoji irin su f3 a Linux ko H2testw a Windows suna tona asirin irin wannan kati, kuma gwajin ya fi kwana ana zargin butlodar da ba ta da laifi.

Waya uku da ke sa na'ura ta yi magana

Za a iya soka kati, a haɗa talabijin ta HDMI, a kunna, a jira. Idan komai ya tafi daidai, rubutu zai fito. Idan bai tafi ba, fuska za ta zauna baƙa, ba tare da an san a wane mataki aka tsaya ba. Wannan ne ya sa babu mai aikin butloda da gaske da ba ya da ƙaramar na'urar nan ta USB zuwa UART, mai ɗauke da CH340 ko CP2102. Tana cikin kayan lantarki mafi araha da za a saya, kuma ita ce bambanci tsakanin gyara da kirdado.

A jikin Orange Pi PC akwai ƙafafu uku a jere: GND, RX da TX. GND zuwa GND, sannan a gicciya sauran biyun, TX na wannan zuwa RX na wancan, domin bakin ɗaya ne ke magana a kunnen ɗaya. Dole na'urar ta kasance a kan bolt 3.3, ba 5 ba, kuma wayar wuta ta huɗu ba a haɗa ta. A laftof sai a buɗe tashar a gudun 115200:

picocom -b 115200 /dev/ttyUSB0

Da an ba na'urar wuta, layin farko zai fito da U-Boot SPL, da lambar zubi, da ranar da sa'ar da aka gina ta. Wannan kwanan wata shi ne shaidar cewa abin da mutum ya gina da hannunsa ne ke aiki, ba wani tsohon abu ba. Sai layin DRAM: 1024 MiB, ram ya tashi ke nan. Sai Trying to boot from MMC1. Sannan cikakkiyar U-Boot ta gabatar da kanta, ta fara ƙirga daƙiƙu, tana cewa a danna kowane maɓalli in ana son tsayar da ita. Wanda ya danna zai samu kansa a gaban butlodar, yana iya ba ta umarni: printenv ya nuna saitukanta, mmc list ya nuna katunan da take gani, bdinfo ya ba da bayanin fanel, help ya jero sauran.

Shirun ma yana da ma'ana. Idan babu abin da ya fito sam, ko dai an haɗa wayoyin a juye ko BROM ba ta ga SPL ba. Idan tarkacen haruffa marasa ma'ana ke zubowa, gudun tashar ne ba daidai ba. Idan layin SPL ya fito sannan komai ya tsaya a wajen DRAM, to saitin ram ne bai dace da fanel ɗin ba, ko kuma wutar ta yi rauni. Orange Pi PC na son bolt 5 da amfiya 2 ta ramin wutarta mai zagaye, ba ta shan wuta ta ƙaramin ramin USB, kuma caja mara ƙarfi na haddasa matsalolin da ke kama da laifin manhaja.

Ƙofar baya da masana'anta ta bari

Idan BROM ta duba ko'ina ba ta samu abin ɗauka ba, ba ta mutuwa. Tana komawa wani yanayi da Allwinner ke kira FEL, ta zauna tana sauraron ramin USB. An yi wannan ne don masana'antu su riƙa ɗora manhaja a kan sabbin na'urori. 'Yan sa-kai na ƙungiyar linux-sunxi sun bi diddigin yadda yake aiki, suka rubuta manhajar sunxi-fel. A zare kati, a haɗa ƙaramin ramin USB da laftof, a ba da wuta, a buga sunxi-fel version, furosesa za ta amsa da sunanta. Umarnin sunxi-fel uboot, tare da sunan fayil, yana tura butloda kai tsaye cikin ram ta tashi, ba tare da an rubuta komai a ko'ina ba. Mai gwaji zai iya gina sau ashirin a yini, ya gwada sau ashirin, bai taɓa kati ba.

Waɗannan 'yan sa-kai ne kuma suka yi aikin da ya fi wuya. Allwinner na ba abokan cinikinta tsohuwar U-Boot da ta yi wa kwaskwarima, tare da nata matakin farko mai suna boot0. Sashen tayar da ram na H3 da ke cikin U-Boot ta yau, mutanen waje ne suka gano yadda yake suka rubuta shi. Albarkacinsu ne fanel ɗin 2015 ke iya ɗaukar Linux na bana ta hannun ayyuka irin su Armbian.

Ba kowace na'ura ce ke da sauƙin hali haka ba. A furosesar Rockchip RK3399, ana rubuta matakin farko a sashe na 64 na ma'adana, na biyu a sashe na 16384, kuma BROM ɗinta na fara duba ma'adanar cikin fanel kafin katin memori. Ma'ana, idan aka ɗora gurɓatacciyar butloda a ciki, soka kati mai kyau ba lallai ya cece ta ba. Sai an danna wani maɓalli na musamman, ko a haɗa wasu ƙafafu biyu da ƙarfe don ma'adanar ta ɓace wa furosesa na ɗan lokaci, ta faɗa yanayin da suke kira Maskrom. A nan ne ɗaukewar wuta a tsakiyar filashin ke zama babbar matsala, don haka aiki da laftof mai batir mai kyau ya fi kwamfutar tebur da ke jiran NEPA.

Raspberry Pi, duk da ita ta fi suna, ta bi hanya ta daban. A cikinta sashen sarrafa hoto ne ke fara tashi kafin furosesar ARM, kuma manhajar da ke yin hakan a rufe take, ba a ba da rubutunta ba. Daga Raspberry Pi 4 ta 2019, butlodar ta koma cikin wata ƙaramar ma'adana a jikin fanel, kuma idan ta lalace ana farfaɗo da ita da katin ceto da manhajar Raspberry Pi Imager ke haɗawa. Ana iya ɗora U-Boot a bayanta, amma matakin farko ba na mai na'ura ba ne. Ga mai son koyon Linux, babu kamarta. Ga mai son koyon butloda tun daga tushe, Orange Pi ta fi ta koyarwa.

Abin da wannan ke nufi ga waya

Wayoyin Tecno, Infinix da itel da yawa na ɗauke da furosesar MediaTek, kuma tsarinta bai bambanta da na sama ba. BROM ta fara, ta ɗauko wani ƙaramin mataki mai suna preloader, shi kuma ya tayar da ram ya ɗauko babbar butloda mai suna LK. Preloader shi ne takwaran SPL, kuma a cikinsa saitin ram yake. Wannan ne dalilin da tsofaffin hannu ke gargaɗin a cire alamar preloader a SP Flash Tool idan ba a tabbatar fayil ɗin na wannan wayar ba ne daidai. Wayoyi biyu masu suna ɗaya na iya zuwa da ram daban, kuma preloader da bai dace ba zai tsaya daidai inda Orange Pi ke tsayawa a layin DRAM, sai dai a waya babu wanda ke ganin layin. Haka zaɓin Format All + Download ke shafe sashen da lambar IMEI da saitin rediyo suke, waya ta tashi amma ta kasa kama sabis.

Babban bambancin shi ne sa hannu. A waya, kowane mataki na duba hatimin kamfani a jikin na gaba kafin ya ba shi dama, kuma shaidar makullin na cikin wasu ƙananan fis a furosesa da ake ƙonawa sau ɗaya tak. H3 ma tana da irin wannan tsari, sai dai a Orange Pi ba a kunna shi ba. Kullen yana da amfani na gaske. Shi ke hana ɓarawo ɗora manhajar da za ta tsallake makullin fuska, shi ne kuma abin da manhajojin banki ke dogaro da shi. Saboda haka ne umarnin fastboot flashing unlock ke shafe duk bayanan waya kafin ya buɗe ta, kuma wasu manhajojin kuɗi ke ƙin aiki bayan an buɗe.

Amma akwai abin da mai waya ke rasawa. Ranar da kamfani ya daina turo sabuntawa, wayar da ba a iya buɗe butlodarta ta tsaya ke nan a inda take, ko da fanel ɗinta lafiya lau. Huawei ta daina ba da lambobin buɗewa a 2018. A wayoyin Samsung, ɗora manhajar da ba ta kamfani ba na ƙona fis ɗin Knox, kuma Samsung Pay da Secure Folder ba sa dawowa ko da an mayar da komai yadda yake. Zanen dutsen nan kuma yana iya juyawa kan kamfanin kansa. A 2019 wani mai bincike da ake kira axi0mX ya fitar da checkm8, rauni a manhajar farko ta furosesoshin Apple daga A5 zuwa A11, wato daga iPhone 4S zuwa iPhone X, kuma babu sabuntawar da za ta iya toshe shi. Irin wannan rauni a BROM na MediaTek ne manhajoji kamar mtkclient ke bi su shiga wayar da ta mutu.

Akwatunan talabijin masu Android, waɗanda ake sayarwa da araha a kasuwanni, suna tsakiyar waɗannan duniyoyi biyu. A Janairun 2023 wani masanin tsaro a Kanada, Daniel Milisic, ya bayyana cewa akwatin T95 da ya saya, mai furosesar Allwinner H616, ya zo da manhajar cuta tun daga kwali, tana tuntuɓar wasu sabobi ba da sanin mai shi ba. Mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta ba ya maganin irin wannan, tunda daga can cutar ta taho. Hanyar da ta rage ita ce sauya komai, tun daga butloda. U-Boot ta san H616 tun 2021, kuma da yawan waɗannan akwatuna ana iya tura su yanayin FEL ta wani maɓalli da ke ɓoye a cikin ramin AV. Sai dai masu haɗa su na sauya nau'in ram daga wannan zubi zuwa wancan ba tare da sauya sunan da ke kan kwali ba, wani DDR3, wani LPDDR3 ko LPDDR4. Wanda zai gina wa irin wannan akwati butloda sai ya fara kwance shi, ya karanta lambar da ke jikin ram da idonsa, ya nemo ƙafafun UART a fanel ya yi musu soda, kafin ya buga make na farko.